Zanen Da Ke Jikin Zane

Ranar da aka kawo lefen ƙanwata, mata sai ɗaga shadda suke suna cewa, "Kai, wannan fulawar ta yi kyau!" Ni kuwa sai na tuna kakata, Allah ya ji ƙanta. Ta yi shekaru tana ƙulle farin yadi da zare a tsakar gida, yaro ya kai marinar Ƙofar Mata a rino. Ba takarda, ba alƙalami, zanen duk yana cikin kanta.

Marinar nan ba ta yau ba ce. An ce tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Maza ke rini da baba da toka da katsi, mata kuwa su ke ƙulli a cikin gida. Duk inda zare ya matse shuni ba ya shiga, in an kwance sai ki ga fure ya fito fari tas. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafinmu har Tambutu da Tarabulus ake kai su.

To ina kwamfuta ta shigo? Ai ta ƙofar masaƙa! Wajen 1804 wani Bafaranshe, Jacquard, ya ƙera masaƙar da ke karanta kati mai huji-huji, hujin ke gaya mata zaren da za ta ɗaga. Kin ga an cire zane daga kan mutum an zuba a kati ke nan. Kwamfutocin farko ma da irin wannan kati aka riƙa ba su umarni. A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna ana iya zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A 1982 manhajar AutoCAD ta fito. Jirgin sama Boeing 777 da ya fara tashi a 1994, ɗungurungum a kwamfuta aka zana shi.

Amfanin abin shi ne, za a zana, a auna, a gyara kuskure, tun ba a yanka ko taki ɗaya na yadi ko ƙarfe ba. In ya yi, sai a tura wa inji ya fitar da dubu iri ɗaya sak. Fulawar shaddar lefe haka ake tsara ta yanzu, haka ma aikin wuyan rigar maigida da tela ke cewa "na kwamfuta ne".

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, zanen da aka ajiye a kwamfuta ba ya mutuwa, amma na kakata ya bi ta kabari. Wallahi ko ƙulli ɗaya ban koya ba, ina ganin aikin tsofaffi ne. Yau ramukan marina da yawa sun bushe, mu kuma muna Kantin Kwari muna sayen zanen wasu.

Don Allah 'yar'uwa, in akwai tsohuwa mai ƙulli a gidanku, zauna kusa da ita tun tana nan. Ki koya, ki ɗauki hoto. In kuma 'yarki na son zane-zane, kar ki ce shiririta ce, a bar ta ta koyi na kwamfuta, ta adana na kakanninta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya sa mu dace, amin.