Fam 25 da Sankarar Yaran Afirka

A shekarar 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a asibitin Mulago na birnin Kamfala a ƙasar Yuganda, ya wallafa bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara ƙanana. Domin ya san iyakar yaɗuwarta, sai ya nemi tallafi. Abin da ya samu fam 25 ne kacal. Da su ya buga takardun tambayoyi masu hoton yaran, ya aika asibitocin Afirka. Amsoshin da kuma rangadin da ya yi daga baya suka nuna cewa cutar ta fi tsanani a wurare masu zafi da damshi, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda nan take ya zargi ƙwayar cuta. Ƙungiyar British Empire Cancer Campaign, wadda aka kafa a 1923 kuma take rayuwa da gudummawar jama'a, ita ta biya masa kuɗin zuwa Yuganda. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba: a Jami'ar Ibadan Farfesa Victor Ngu ya yi wa yara masu cutar magani da allurai har ƙarin ya narke, aikin da ya jawo masa lambar Lasker a 1972.

Mu a nan Arewa ba mu rasa masu hannu da shuni ba. Sai dai attajirinmu ya saba gina masallaci da haƙa rijiya. Da wuya ya kirga ɗakin bincike cikin sadaka mai gudana, alhali yaron Mamudo ko na Potiskum da muƙamuƙinsa ya kumbura, wannan ilmin ne zai cece shi.

Sai a 2021 Dakta Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex ya jagoranci buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da goyon bayan gwamnatin jiha da na'urorin da aka bayar kyauta daga Turai ta hannun ƙungiyar TReND in Africa. Cikin ayyukan da ta sa a gaba har da binciken ciwon ƙodan da ya daɗe yana addabar mutanen Gashuwa.