Tarihin Kafuwar Cibiyar JPL ta Pasadena

Cibiyar Jet Propulsion Laboratory, wadda aka fi sani da JPL, tana gindin duwatsun San Gabriel, a gefen birnin Pasadena na jihar Kalifoniya a Amurka. Aikinta ƙera kumbunan da ba sa ɗaukar mutum, da na'urorin awo da ake ɗora musu, da kuma gwada su kafin a harba. Hukumar NASA ce ke ba da kuɗin gudanar da ita, amma jami'ar Caltech ke tafiyar da ita, ma'aikatanta kuwa na jami'ar ne, ba na gwamnati ba.

Asalinta yana komawa shekarar 1936, lokacin da masana da yawa ke ɗaukar maganar roka a matsayin tatsuniya. Wani ɗalibin digiri na uku a Caltech, Frank Malina, ya haɗu da samari biyu da ba 'yan jami'ar ba ne: Jack Parsons, wanda ya koya wa kansa haɗa sinadarai, da abokinsa makanike Edward Forman. Farfesa Theodore von Kármán, haifaffen Hungari kuma shugaban sashen nazarin jiragen sama, ya yarda ya tsaya musu. Ranar 31 ga Oktoba, 1936, suka kai ƙaramin injinsu wani busasshen kwari da ake kira Arroyo Seco, suka jera buhunan yashi suka laɓe. Gwajin ya ƙare da tiyon iskar oksijin ya kama wuta, kowa ya yi ta kansa. Da aka ba su wuri a cikin jami'a, suka yi ɓarna har sau biyu, ɗaya ma fashewa ce, sai aka sake kora su kwarin, ɗalibai kuma suka laƙaba musu sunan 'yan sai da rai. A bakin wannan kwarin cibiyar take har yau.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo musu kuɗi. Sojan Amurka na neman hanyar da jirgi mai nauyi zai tashi daga gajeren fili, kuma a watan Agustan 1941 aka gwada ƙananan rokokinsu a jikin wani ƙaramin jirgi, ya tashi da wuri. Bayan haka Parsons ya gano cewa idan aka narka kwalta aka gauraya ta da sinadarin da ke ba da oksijin, za a sami daskararren makamashi da ba ya tsagewa a ajiye. Da labarin makamin V-2 na Jamus ya iso, von Kármán da Malina da wani masani ɗan Sin, Qian Xuesen, suka rubuta wa soja rahoto a Nuwamban 1943. A cikinsa sunan cibiyar ya fara bayyana, kuma da gangan aka kauce wa kalmar roka saboda ba ta da mutunci a lokacin. A 1944 soja ya ba da kwangila, aka shiga ƙera makamai masu linzami irin su Corporal, daga baya Sergeant.

Waɗanda suka kafa ta ba su daɗe ba. Malina ya koma Faris ya kama aiki da UNESCO, Parsons ya mutu a 1952 a wata fashewa a gidansa, Qian kuwa an zarge shi da kwaminisanci, ya koma Sin a 1955, inda ya zama uban shirin rokokin ƙasar. Abin da ya saura daga zamanin soja shi ne fasahar aiko da awo ta rediyo. Makamin da ya tarwatse a sama ba ya dawowa ya ba da labari, dole ya riƙa aiko da zafinsa da matsinsa da saurinsa yana cikin tafiya. Mai kula da wannan sashe, William Pickering, ɗan asalin New Zealand, shi ya zama shugaban cibiyar daga 1954 zuwa 1976.

Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba, 1957, rokar Vanguard ta Amurka kuma ta ƙone a gaban 'yan jarida a Disamba. Cikin ƙasa da wata uku JPL ta haɗa tauraron ɗan'adam Explorer 1, mai nauyin kusan kilo 14, aka harba shi ranar 31 ga Janairu, 1958, a kan rokar ayarin Wernher von Braun. Don kama saƙonsa an kafa tashoshin rediyo na tafi-da-gidanka, ɗaya daga cikinsu a Ibadan, wata a Singafo. Tashar da aka gina a Kano bayan 'yan shekaru ta wani shiri ce daban, ta bin sawun 'yan sama jannatin Mercury.

Babbar na'urar da ke cikin Explorer 1 ma'aunin radiyeshon ce daga James Van Allen na Jami'ar Iowa. Wani lokaci tana ƙirga abin da ake tsammani, amma idan tauraron ya yi nisa da ƙasa sai ta nuna sifili, kamar ta lalace. Explorer 3 ma ya nuna haka. A ɗakin gwaji aka warware matsalar: aka ɗauki irin wannan ma'auni aka haska masa hasken ɗaukar hoton ƙashi mai ƙarfi, sai ya daina ƙirga. Ashe yawa ne ya shaƙe shi. Ta haka aka gano ɗamarar radiyeshon da ta kewaye duniya, wadda ake kira da sunan Van Allen.

A Disamban 1958 aka mayar da cibiyar ƙarƙashin NASA, wadda ba ta fi wata biyu da fara aiki ba, Pickering kuma ya zaɓi wata da sauran duniyoyi su zama fagenta. Farkon bai yi daɗi ba. Kumbunan Ranger, waɗanda aka tsara su riƙa ɗaukar hoto har su faɗa kan wata, sun gaza sau shida a jere daga 1961 zuwa farkon 1964. Biyun farko roka ce ta ci amanarsu. Na uku ya wuce wata, na huɗu kwamfutarsa ta mutu, na biyar wuta ta ɗauke masa. Kwamitin bincike ya ɗora laifi kan ƙarancin gwaji, da kuma al'adar gasa sassan kumbo a zafin digiri 125 don kashe ƙwayoyin cuta, gashin da ke raunana kayan lantarki. Aka sauya shugabannin shirin, aka daina gashin. Duk da haka Ranger 6 ya isa wata daidai amma kyamarorinsa suka ƙi kunnuwa, har majalisar dokoki ta kira shugabannin cibiyar su yi bayani. Ranger 7 ne ya wanke su a Yulin 1964 da hotuna sama da 4,300. An ce ranar wani injiniya ya raba gyaɗa a ɗakin sa ido, shi ya sa har yanzu ba a saukar da kumbo ba tare da ana taunar gyaɗa ba.

Kunyar Ranger ce ta mai da JPL abin da take. Daga nan gwaji ya daina zama abin da ake yi idan lokaci ya ragu, ya koma ginshiƙin aikin. Ƙa'idar da ma'aikata ke maimaitawa ita ce a gwada abu yadda zai tashi, a kuma tashe shi yadda aka gwada shi. Ana ɗaure na'ura a kan tebur mai girgiza ta kowace fuska, kwatankwacin jijjigar roka. Ana shigar da ita ɗakin ƙara, inda manyan ƙahoni ke sakin rugugin da zai iya kwance ƙusa. Ana kunna dukkan na'urorin kumbo tare, a ga ko siginar wata na shiga ta wata. Harhaɗawa kuwa a ɗaki mai tsananin tsafta ake yi, kowa sanye da farar riga daga kai har ƙafa, domin ƙura ɗaya a kan madubi, ko maiƙon yatsa a cikin na'urar da za ta nemi alamar rai, ya isa ya ɓata sakamako.

Mafi shahara cikin wuraren gwajin shi ne wata doguwar tukunyar ƙarfe da aka gina a 1961, faɗinta kusan mita 8, tsayinta kusan mita 26. Ana rufe kumbo a ciki a zuƙe iskar, a sanyaya bangon da ruwan naitirojin har zuwa digiri 196 ƙasa da sifili, sannan fitilu 37 su haska wani katon madubi da ke can sama, ya mayar da hasken kan kumbon kamar rana. Dalilin wannan wahala shi ne a sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe zafi. Gefen da ke fuskantar rana yana ƙuna, na baya yana daskarewa, man inji yana ƙafewa, roba da gam suna fitar da tururin da ke lulluɓe gilashin kyamara. A 1985 gwamnatin Amurka ta sa wannan gini cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma bai daina aiki ba.

A shekarun 1960 ne kuma nasarori suka fara taruwa. Mariner 2 ya wuce ta gefen duniyar Venus a Disamban 1962, ya tabbatar da tsananin zafinta. Mariner 4 ya aiko da hotunan Mars 21 a 1965. Saƙon yana zuwa a hankali ƙwarai, har ma'aikatan da suka ƙagu suka buga lambobin a takarda suka shafa musu launi da hannu. Surveyor 1 ya sauka lafiya a wata a 1966, Mariner 9 kuma ya zama kumbo na farko da ya kewaya wata duniya a 1971. Don jin waɗannan raunanan saƙonni aka kafa manyan faya-fayan rediyo a Goldstone ta Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Canberra, ta yadda duk juyin da duniya ta yi ɗaya na kallon kumbon. Voyager guda biyu, da aka harba a 1977, an ƙarfafa kayan lantarkinsu ne bayan Pioneer 10 ya nuna irin radiyeshon da ke kewaye da Jupiter, kuma Voyager 2 ya kai har Uranus da Neptune.

Madubin hangen nesa na Hubble ya nuna wani gefen darasin. JPL ce ta ƙera babbar kyamararsa, amma da aka harba shi a 1990 hotuna suka fito dishi-dishi. Kwamitin da shugaban cibiyar na lokacin, Lew Allen, ya jagoranta ya gano cewa an goge babban madubin bisa kuskuren da bai kai kaurin gashi ba, kuma na'urar da aka auna shi da ita ce aka harhaɗa ba daidai ba. JPL ta ƙera sabuwar kyamara mai ƙananan madubai da aka karkata su daidai da kuskuren amma ta kishiyar fuska, 'yan sama jannati suka saka ta a Disamban 1993.

A shekarun 1990 NASA ta matsa a yi aiki da sauri da araha. Pathfinder ya sauka a Mars a Yulin 1997 da ƙaramar motarsa Sojourner, kuma cikin waɗanda suka yi aiki a shirin akwai Cheick Modibo Diarra, wanda ya zama firaministan Mali a 2012. Amma araha ba ta ado. A 1999 kumbuna biyu suka salwanta a Mars. Na farko, kamfanin da ya ƙera shi yana lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, JPL tana karantawa da ma'aunin mita, kamar tela ya yanka da yadi alhali da mita aka auna. Na biyu, dalilin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne buɗewar ƙafafunsa ta ba da siginar ƙarya, kwamfuta ta ɗauka ya taɓa ƙasa, ta kashe injin yana sama. An yi gwajin da zai tona wannan, amma wayoyin na haɗe ba daidai ba, da aka gyara su kuma ba a maimaita gwajin ba.

Bayan wannan aka dawo da tsauri. Motocin Spirit da Opportunity sun sauka a Mars a 2004 da wa'adin kwana 90, Opportunity ta yi aiki har 2018. Curiosity, mai nauyin kusan kilo 900, an ɗage harba ta daga 2009 zuwa 2011 saboda wasu injinanta ba su kammalu ba. Perseverance ta sauka a Fabrairun 2021 ɗauke da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, mai kilo 1.8. A tsohuwar tukunyar 1961 aka koya masa tashi: aka cika ta da siririyar iska irin ta Mars, aka ɗaura masa igiya daga sama tana rage masa nauyi. An shirya ya tashi sau biyar, ya tashi sau 72. Wani abin da ya fito daga neman ƙaramar kyamara mara cin wuta shi ne idon kyamarar da Eric Fossum da ayarinsa suka ƙirƙira a cibiyar a shekarun 1990, wanda irinsa ne ke cikin wayoyin hannu a yau.

A 2022 Laurie Leshin ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyar, a Fabrairun 2024 kuma ƙarancin kasafi ya sa aka sallami ma'aikata sama da 500. A shekarar ne aka shigar da kumbon Europa Clipper, mai na'urorin awo tara, cikin tukunyar gwajin. Ana saura 'yan watanni a harba shi aka sami shakku kan ko wasu ƙananan sassan lantarkinsa za su jure radiyeshon na Jupiter, aka shafe watanni ana gwada irinsu kafin a amince. Ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 2024, kuma ana sa ran isarsa Jupiter a Afrilun 2030.