Daga Zango zuwa Bariki: Tarihin Saukar Baƙo da Hirar Dare a Damagaram

Abin da muke nufi da wannan ɗan rubutu shi ne mu bi sawun baƙo a birnin Damagaram, wanda Nasara suke kira Zinder, tun daga zamanin ayari har zuwa zamanin mota: ina yake sauka, wa yake ciyar da shi, ina kuma yake nufa idan dare ya yi. Masu tarihi sun yi wa fada da yaƙe-yaƙenta hidima ƙwarai, musamman marigayi André Salifou, wanda littafinsa a kan Damagaram ta ƙarni na 19 ya fito a 1971. Akushi da tabarma da fitila kuwa ba su samu wannan gata ba, alhali a wajensu ne harshe ya fi saurin sauya riga. A ganinmu, cikin shekara ɗari da ƴan kai nauyin baƙo ya tashi daga wuyan mai masaukinsa ya koma kan aljihunsa, kuma kalmomin da muke amfani da su yau sun riƙe shaidar kowane mataki.

Birni da Zango

Damagaram ta ƙarni na 19 gari biyu ce. Akwai Birni, inda fada take, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. A arewa da shi akwai Zango, masaukin Abzinawa masu kawo gishirin Bilma da Fashi da dabino, da kuma Larabawan Gadamas da Tarabulus masu sayen fata da gashin jimina da bayi. Asalin ma'anar zango ita ce wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Da saukar ta yawaita sai bukka ta zama soro, masauki ya zama unguwa, sunan kuwa bai tashi ba. Haka kalmar ta bi fataken goro har Kumasi, inda unguwar baƙi Musulmi take amsa wannan suna.

Raba garin biyu ba don ƙyamar baƙo aka yi ba. Raƙuma ɗaruruwa suna bukatar fili da rijiya, ƙofofin ganuwa kuma rufe su ake yi da dare. Amma a cikin tsarin akwai siyasa: baƙo yana kusa yadda za a ci ribarsa, yana kuma waje yadda za a sa masa ido.

Fatoma

Wanda duk al'amarin yake hannunsa shi ne fatoma. Kalmar Barebari ce: fato gida ke nan, ɗafin -ma kuma yana nuna mai abu, wato mai gida. Ba abin mamaki ba ne, tun da Damagaram ta daɗe tana bin Barno. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Yakan ba falke wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya fassara masa magana, ya tsaya masa lamuni idan ciniki na bashi ne. Ribarsa tana cikin la'ada da kyautar sallama, da kuma tabbacin cewa baɗi ma wurinsa za a sauka. Idan baƙo ya yi ɓarna, fatoma ake nema. Idan an cuci baƙo, fatoma ne mai kai ƙara. Attajirin Zango Malam Yaro, wanda Salifou ya yi rubutu na musamman a kansa a 1972, shi ne misali mafi girma na mutumin da gidansa ya zama masauki da ma'ajiya da wurin ƙulla ciniki gaba ɗaya.

Manyan baƙi kuwa fada ce take ɗaukar nauyinsu. Baturen Ingila James Richardson ya zauna a garin a farkon 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso a ƙarshen 1852 ya tashi a Janairun 1853. Duk wanda ya karanta labaran tafiyarsu zai ga yadda suke lissafa abincin da aka aiko musu da tukuicin da suka bayar, kamar masu lissafin bashi. Kuma bashin ne. Girman akushi shi ne ma'aunin darajar baƙo, raguwarsa kuma saƙo ne da ba ya bukatar tafinta.

Abinci shi yake zuwa wurin baƙo

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. A wancan tsari baƙo ba ya fita neman gidan abinci, abincin ne yake iske shi a zaure. Kwana uku na farko haƙƙinsa ne bisa koyarwar addini. Bayan haka sai ya shiga saye, amma daga hannun wa? Daga hannun matan gida, ta hanyar ƴan talla: fura da nono da rana, tuwon gero ko na dawa da miyar kuka da dare, ƙosai da waina da safe. Nama yana wurin mahauta, tsire da balangu don ci nan take, kilishi don guzuri, domin yana jure tafiyar makonni. Abincin alkama, irin su alkaki wanda Damagaram ta yi suna da shi, na masu hali ne da manyan baƙi. Buzu yakan zo da cukunsa da dabinonsa, ya daka su cikin gero.

Idan ana yabon karamcin mutanen da, akan manta a tambayi wanda ya yi dakan. Mata ne suka yi shi, da yawansu kuma kuyangi ne. Richardson kansa ya ga yadda ake fita samamen bayi daga garin. Mai gida yana karɓar godiya a zaure, taɓarya tana hannun wadda ba a ambaton sunanta. Amma wannan aiki shi ne kuma ya ba matan aure jarin kansu, domin kuɗin fura na mai fura ne, miji ba shi da iko da shi. Sana'ar tuwo-tuwo ta tashar mota jikar wannan ce.

Dare

Wata ne yake mulkin dare. Idan akwai farin wata dandali yakan cika, ƴan mata suna gaɗa, samari suna kewaye, mai kalangu yana kiran sunan duk wanda ya ga alamar wuri a aljihunsa, baƙo kuwa shi ne farkon wanda maroƙi yake hange. Bayan girbi ga kokowa da dambe, ga ƴan kama masu ba da dariya, ga gardawa da kurayensu. Da azumi yara suna tashe. Kakaki da algaita da tambari na sarki ne shi kaɗai, baƙo sai dai ya ji daga nesa ko ya gani ranar hawan salla. Mai neman ilmi yana da zauren malamai da wutar makarantar allo. Akwai kuma gidan magajiya, inda ake goge da bori, inda matan da suke tsakanin aure da aure suke zaune. Falke da ya yi wata biyu a hamada ya san hanyar gidan, fatomansa ma ya san ya sani. Abin lura shi ne, ko wannan gida yana da shugaba wadda hukuma ta sani, kuma ita ake tambaya idan wani abu ya faru.

Baƙon da bai koma ba

A watan Afrilu na 1898 kaftin Cazemajou na Faransa ya iso da ƴan sojojinsa. An karɓe shi, an ba shi masauki, an yi musayar kyauta. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa Olive, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bisa tsoron cewa zai wuce ya haɗa kai da Rabe wanda ya riga ya ci Barno. Ba mu kawo wannan don mu yanke wa kowa hukunci ba. Mun kawo shi ne don ya nuna cewa karɓar baƙo a wancan zamani aikin mulki ne, kuma hannun da yake miƙa akushi shi ne yake auna haɗarin mai ci. A Yulin 1899 aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka shiga garin, suka gina kagara a kan duwatsu suka sa mata sunan mamacin. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin ƙulla tawaye, zargin da ya haɗa har da Malam Yaro. Daga nan baƙo ya zama mai gari.

Bariki

Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasar, kafin a mayar da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, hajar Turai ta koma shigowa ta kudu, fataucin Tarabulus ya durƙushe. Fatoman Zango ya rasa manyan baƙinsa. A madadinsu sai ga wani irin baƙo wanda garin bai saba da shi ba: sojan Sanagal ko na Bambara, da gardi, da kuku, da boyi, da akawun kanti. Ba shi da haja da za a ci la'ada a kanta, ba shi da mai tsaya masa, amma yana da albashi duk ƙarshen wata. Wannan mutum shi ne ya haifi sayen abinci a zauna a ci a wurin, da hayar ɗaki, da mashaya. Tsakanin Birni da Zango kuma Sabon Gari ya tashi.

Kalmar da ta tattara wannan sabuwar rayuwa ita ce bariki. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, daga Ingilishi take, ta shigo ta hanyar Kano, ko da yake Faransawa ne suke mulki a nan. Ta fara da ma'anar mazaunin soja, ta koma unguwar ma'aikata, ta ƙare a hali: ɗan bariki, matan bariki, barikanci. Duk cikinsu akwai ƙanshin zargi, wato mutumin da ba wanda yake da alhakinsa. Daga faransanci kuma muka samu kamfama, masaukin kumandan da sauran Nasara idan suna rangadi. A ƙauyuka sunan ba ya da daɗin ji, domin talakawa ne ake tilasta wa kawo ruwa da itace da kaji da ƙwai, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas. Karamci ne aka mayar haraji.

Tun daga shekarun 1930 motocin da suke ratsa hamada daga Aljeriya ta Agadas suna yada zango a nan kafin su wuce Kano, otel irin na Turai kuma ya samu gindin zama. Kakar gyaɗa ta kawo kuɗi a dunƙule, makaɗa da ƴan caca suna bin kasuwanni. Fitilar kananzir, daga baya lantarki, suka karɓe mulkin dare daga hannun wata, silima marar rufi ta kawo finafinan Indiya da na kaboyi.

Bayan mulkin kai

Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta hau a 1974, ta yi ƙoƙarin mayar da nishaɗi ƙarƙashin shugabanci. Ta farfaɗo da samariya, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram a 1976. Baƙin irin waɗannan bukukuwa a makarantu da gidajen jama'a aka riƙa saukar da su, unguwanni suna dafa abinci, wato an ari rigar fatoma an sa wa hukuma. A wannan zamani ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon Damagaram, wadda sunan Yazi Dogo yake haɗe da ita, ta shiga kowane gida. Wasan kara, inda samari suke kwaikwayon sarki da gwamna da manyan ma'aikata, ya ci gaba da tara jama'a. Turawa masu ratso hamada da tsofaffin motocin Peugeot don sayarwa sun cika otel-otel har farkon shekarun 1990, lokacin da tawayen arewa ya tsinke hanyar.

Zaman mashaya da gari kuwa bai taɓa zama na aminci sosai ba. Ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da aka yi saboda zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci-coci da mashaya da gidan raya al'adu na Faransa da Nijar, an kuma yi asarar rayuka.

Kalmomin da suke jiran ƙamus

Tun shekarun 1990 hirar dare ta samari ta koma bakin titi, a kan tabarma ko benci, ana dafa shayi zagaye uku ana sauraron rediyo. Sunan da suka ba wannan zama shi ne fada, kuma masu bincike da dama suna danganta farkonsa da Damagaram. Samari marasa aiki sun ɗauki sunan majalisar sarki sun sa wa butar shayinsu, da shugaba da ma'aji da dokoki. Baƙo saurayi da ya sauka a tasha ba shi da kowa, sau da yawa a nan yake samun mai nuna masa ɗakin haya da mai tuwo mai araha.

Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, tun da aka kafa ma'aikatarsu a farkon shekarun 1960, sun fi karkata ga noma da awon gyaɗa da kiwon lafiya, kuma suna da hujja. Sai dai manomin da ya koyi karatu yakan zo birni cin rani, inda allon otel da na gidan abinci da takardar farashi suke cikin faransanci. Darasi a kan tasha da masauki da kuɗin kwano zai amfane shi kamar darasin taki. Wasu abokan aiki suna ƙyamar shigar da kalmomi irin su karuwa da burkutu da barikanci cikin jerin kalmomi. A littafin aji muna iya yarda da su, amma a ƙamus ba mu yarda ba, domin mai ƙamus ba limami ba ne. Shawararmu ita ce, a ƙarƙashin zango a jera ma'anoni huɗu bi da bi: masaukin ayari, da tafiyar da take tsakanin masauki biyu, da unguwar baƙi, da kashi na shekarar makaranta. A ƙarƙashin fada a ƙara ma'anar samari, a rubuta gari da shekarun da ta bayyana. Kamfama kuma a sa mata alamar cewa ta Nijar ce, domin ɗan Kano ba zai gane ta ba.