Tarihin Sauraron Koken Masu Karatun Jarida a Birtaniya

Ba jaridun Birtaniya ne suka ƙirƙiro tsarin sauraron koken jama'a don raɗin kansu ba, tsoron doka ne ya tilasta musu. Hukumar bincike da gwamnati ta naɗa a 1947 ta ba da shawara a rahotonta na 1949 cewa a kafa majalisar da za ta kula da ɗa'ar aikin jarida, amma masu jaridu suka yi ta jan ƙafa, sai da wani ɗan majalisar dokoki ya gabatar da ƙudurin da zai kafa ta da ƙarfin doka sannan suka kafa tasu a 1953. Mambobinta kuwa duk 'yan gida ne, wato masu jaridu da editoci da 'yan jarida, kuma sai a 1963 aka shigar da mutanen waje, sannan a 1964 aka ɗora tsohon alƙali Lord Devlin a kan shugabancinta. Iyakar hukuncinta shi ne ta nemi jaridar da ta yi laifi ta buga sakamakon ƙarar a shafinta.

Haka abin ya ci gaba da maimaita kansa. Da kutsen da ƙananan jaridu masu neman abin kunya ke yi cikin sirrin mutane ya yi yawa, kwamitin David Calcutt ya nemi a rushe majalisar a 1990, aka maye gurbinta da Hukumar Koken Jaridu a 1991, wadda jaridu ke ɗaukar nauyinta, editoci kuma suka rubuta ƙa'idojin da take hukunci da su. Ta yi amfani wajen sasanta ƙananan koke, kamar gyaran suna ko janye labarin da ba daidai ba, sai dai ba ta da ikon tilasta wa kowa ya miƙa takardu ko ya ba da shaida. Wannan raunin ya fito fili a 2009, lokacin da ta ce ba ta ga hujjar cewa satar sauraron saƙonnin wayar mutane ta yaɗu a jaridar News of the World ba, har ma ta ɗora ayar tambaya a kan rahoton jaridar Guardian da ta tono zancen. A Yulin 2011 aka gano cewa har wayar wata yarinya 'yar makaranta da aka kashe an yi wa kutse. Aka rufe News of the World bayan shekara 168 tana fitowa, hukumar kuma ta janye rahotonta.

Alƙali Leveson, wanda ya binciki lamarin, ya ba da shawara a 2012 cewa a kafa hukuma mai zaman kanta wadda doka za ta tantance ingancinta. Yawancin manyan jaridu suka ƙi, suka kafa tasu hukumar mai suna IPSO a 2014, wadda aka ba ta ikon cin tarar da ta kai fam miliyan ɗaya, ikon da ta cika shekara goma ba ta yi amfani da shi ba. Guardian da Financial Times ba su shiga ba, kowace ta riƙe nata tsarin na cikin gida, kuma Guardian tun 1997 take da editan masu karatu, ma'aikacin da ke karɓar koke yana buga gyara a fili.