Yadda ake tafiyar da ƙungiyar sa-kai ta hidimar al'umma: tsarin Rotary daga Shikago zuwa Kano

Ƙungiyar sa-kai ta hidimar al'umma ita ce wadda mutane ke kafawa don raɗin kansu, su riƙa haɗuwa a kan kari, su tara kuɗi daga aljihunsu, su yi wa unguwa ko gari aikin da babu wanda ya ɗora musu, kuma babu wanda zai biya su. Tushen wannan ɗabi'a tsoho ne a ƙasar Hausa, domin aikin gayya ma haka yake. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, ana gamawa kowa ya kama gabansa. Ita kuwa ƙungiya so ake ta rayu shekara da shekaru, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe. Akan kafa su da zafi, a yi hatimi, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu a tarar saura shugaba da ma'aji, su ɗin ma ba sa ga-maciji da juna.

Dalilin a fili yake. Ɗan sa-kai ba shi da albashin da za a tsare masa, ba shi da takardar kora da zai ji tsoro. Ranar da ya daina yarda da tafiyar, sai ya daina zuwa. Saboda haka duk ƙa'idojin ƙungiyoyin da suka daɗe, in an duba su da kyau, kare wannan yardar suke yi. Rotary na daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fage, kuma tsarinta a rubuce yake, shi ya sa ake yawan kafa misali da ita.

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta tare da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka, ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Sunan ya samo asali ne daga yadda suke kewayawa da taro daga ofishin wannan zuwa na wancan. Da farko zumunci da cinikayya ne suka haɗa su. A 1907 suka ɗauki aikinsu na farko na hidima, wanda ba wani abin tinƙaho ba ne: fafutukar samar da ban-ɗakin jama'a a tsakiyar birnin. A Najeriya, reshen farko a Kano aka kafa shi a 1961, sannan na Legas da na Ibadan suka biyo baya a cikin shekarar. Daga reshen Kano ne aka samu ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, babban lauya Jonathan Majiyagbe, wanda ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004.

Taro da shugabanci

Shekaru da dama dokar Rotary ita ce taro kowane mako, a rana ɗaya, a wuri ɗaya, kuma wanda ya yi fashin taro huɗu a jere ba tare da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa. A 2016 majalisar da ke yi wa ƙungiyar dokoki ta sassauta, ta bar wa kowane reshe ya tsara lokacinsa, muddin zai zauna aƙalla sau biyu a wata. An sassauta yawan taron, amma ba a taɓa ƙa'idar cewa lokacinsa sananne ne ba. Ƙungiyar da sai matsala ta taso ake kiran taro, mambobinta za su saba da cewa duk kira na neman kuɗi ne.

Shekarar aiki tana farawa ranar 1 ga Yuli, ta ƙare 30 ga Yuni, kuma wa'adin shugaban reshe shekara ɗaya ne. Ana zaɓen wanda zai gaje shi tun da sauran lokaci mai tsawo, ya zauna a kwamitin gudanarwa a matsayin shugaba mai jiran gado, a tura shi horo kafin ya karɓa. Wanda ya sauka shi ma yakan ci gaba da zama a kwamitin na shekara guda. Wato a kowane lokaci akwai mutum uku a teburin: na jiya, na yau da na gobe. Masu sukar tsarin suna cewa shekara ɗaya ta yi kaɗan, kafin mutum ya gane kan aikin lokacinsa ya cika, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma ribarsa ta fi: ba a samun wanda zai mayar da ƙungiya gadon gidansu, kuma bayan shekara goma reshe yana da mutum goma da suka san ɗacin kujerar.

Ana raba aiki ga kwamitoci, galibi biyar: na gudanarwa, na mambobi, na hulɗa da jama'a, na ayyukan hidima, da na gidauniya. Amfanin wannan rabo shi ne kowa ya samu abin da za a tambaye shi a taro na gaba.

Kuɗi

Babu abin da ke kashe ƙungiya da sauri kamar zargin cin kuɗi, ko da zargin ba shi da tushe. Ƙa'idojin da Rotary ke ba rassanta shawarar bi a nan gajeru ne. Ana raba kuɗi gida biyu a banki: asusun tafiyar da reshe, wanda kuɗin shiga da na wata-wata ke faɗawa, da asusun ayyukan hidima, inda gudunmawar jama'a ke shiga. Ma'aji ne ke biyan kuɗi, amma sai wasu jami'ai biyu sun amince. Ana yin kasafi kafin shekara ta fara, sannan a ƙarshenta a kawo wanda ya san aikin bincike ya bi kowane shige da fice, a karanta wa mambobi sakamakon.

Raba asusun nan biyu shi ne ginshiƙin. Mutumin da ya ba da naira dubu goma don a saya wa marayu littattafai bai ba da ita don a sayi lemon taro ko a ɗinka wa mambobi anko ba. Da zarar kuɗin biyu sun gauraya, ko ma'aji waliyyi ne ba zai iya wanke kansa ba, domin babu takardar da za ta nuna wace naira ce ta tafi ina. Haka kuma ajiye kuɗin ƙungiya a asusun wani mutum, komai amanarsa, jefa shi ne cikin fitina: in ya rasu kuɗin ya shiga lissafin gado, in an saɓa da shi ya zama makami.

Ƙaramin farawa ba aibi ba ne. Gidauniyar Rotary, wadda aka assasa a 1917 bisa shawarar shugaban ƙungiyar na lokacin, Arch Klumph, gudunmawarta ta farko dala 26 da santi 50 ce, daga reshen birnin Kansas.

Zaɓen aiki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mambobi su zauna a ɗaki su yanke wa jama'a abin da suke bukata. Shi ya sa gidauniyar ta sa sharaɗi a kan babban tallafinta, wanda kasafin aikinsa ke farawa daga dala 30,000: dole reshe biyu daga ƙasashe biyu su haɗa hannu, dole a fara zuwa a ji ta bakin mutanen wurin a rubuta abin da suka ce, dole kuma a nuna yadda aikin zai ci gaba da amfani bayan kuɗin ya ƙare. Fannonin da ake tallafawa bakwai ne: zaman lafiya, yaƙi da cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar uwa da yaro, ilimi, bunƙasa tattalin arzikin al'umma, da kare muhalli, wanda aka ƙara daga baya.

Sharaɗi na uku shi ne wanda kowace ƙaramar ƙungiya ya kamata ta ara, ko da ba ta taɓa ganin dala ba. Duk wanda ya zaga ƙauyukan ƙasar nan ya ga rijiyar burtsatse da ta mutu, allon sunan waɗanda suka haƙa ta yana nan tsaye bai ko kode ba. Haƙa rijiya shi ne ɓangare mai sauƙi. Tambayoyin da ake tsallakewa su ne: wa zai riƙe makulli, wa zai gyara famfo in ya lalace, a wace kasuwa ake samun kayan gyaransa, kuma daga ina kuɗin zai fito. Inda aka kafa kwamitin mutanen unguwa tun kafin a fara haƙa, da mata a ciki tunda gidajensu ne ke shan wahalar ruwan, aka kuma yarda da ɗan abin da za a riƙa tarawa don gyara, rijiyar kan daɗe.

Sai kuma haƙurin tsayawa a kan abu ɗaya. Ƙungiyar Lions, wadda Melvin Jones ya kafa a Shikago a 1917, ta rungumi lafiyar ido tun bayan da Helen Keller ta roƙi taronta na 1925 da ya tsaya wa makafi, kuma har yau da wannan aka fi saninta. Ita kuwa Rotary shan-inna ta kama. Ta fara da shirin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin a 1979, ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985, sannan a 1988 ta shiga ƙawancen kawar da cutar daga duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A wancan lokacin cutar na kama yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

Najeriya ta kasance cikin wuraren da aikin ya fi wuya. A 2003 an dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa saboda shakku kan ingancin maganin, sai a 2004 aka ci gaba, kuma sai da sarakuna da malamai suka shigo gaba sannan ƙofofi da dama suka buɗe. An ga na ƙarshen waɗanda ainihin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba. A shekarar ce mujallar Time ta sa Dokta Tunji Funsho, shugaban kwamitin PolioPlus na Najeriya na lokacin, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya. Daga 1985 zuwa 2020 shekara 35 ke nan a kan aiki ɗaya, kuma ba ƙungiyar kaɗai ta yi shi ba.

Siyasa da mambobi

Kundin tsarin rassan Rotary ya hana reshe mara wa wani ɗan takara baya. A ƙasar da 'yan siyasa ke neman kowace ƙungiyar matasa in zaɓe ya ƙarato, wannan layi ɗaya ya isa ya ceci ƙungiya daga rabewa gida biyu.

Riƙe mambobi kuwa matsala ce da ita kanta Rotary ba ta gama warwarewa ba. Adadin mambobinta ya daɗe yana kewaya miliyan 1.2, domin kusan yadda ake shiga haka ake fita. Ta yi jinkiri wajen buɗe ƙofa ga mata: sai bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987 ta gyara dokarta a 1989, kuma sai a 2022 mace ta farko, Jennifer Jones ta Kanada, ta hau shugabancinta. Ana kuma yi mata kallon ƙungiyar masu hannu da shuni saboda nauyin kuɗin da mamba ke biya. Ta rage wannan giɓi da Interact na 'yan makaranta da ta kafa a 1962, da Rotaract na matasa a 1968. Abin da rassa masu ƙarfi ke yi shi ne ba sabon mamba aiki tun makonnin farko, tare da haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa nemansa in an ga shiru.

Rajista a Najeriya

Ƙungiyar da ke son mallakar fili, buɗe asusu da sunanta ko karɓar tallafi tana yin rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020. Ana naɗa amintattu biyu ko fiye, a miƙa kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Yaro, da wanda ba shi da cikakken hankali, da wanda kotu ta ayyana ya tsiyace bai kuma farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba a cikin shekara biyar da suka gabata, duk ba za su zama amintattu ba. Bayan rajista wajibi ne a riƙa miƙa wa hukumar rahoton shekara, kuma dokar ta hana raba kuɗi ko kadarar ƙungiya ga mambobi a matsayin riba.