In'inar Hoto a Gidajen Gem na Malanville

Duk wanda ya taɓa riƙe fad a gidan gem ya san wannan ciwon: ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo ya doshi raga, sai hoto ya ƙame kamar an shaƙe shi, kafin ya saki an riga an ƙwace ƙwallon. 'Yan boko a Malanville suna cewa "ça rame" da Faransanci, wato abin yana tuƙin kwale-kwale, maganar da ta dace da garin da ke bakin kogin Kwara. Mu kuwa mukan ce gem ɗin yana in'ina. Tun shekarun 1990 sunan ciwon bai sauya ba, amma abin da ke kawo shi ya sha sauyawa a kan idona, kuma har gobe ina ganin masu ba cutar bana maganin bara.

Bari mu faro daga tushe. Hoto mai motsi ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri har ido ya ɗauka tafiya suke yi. A zamanin fim marar magana da hannu ake juya na'ura, saboda haka saurin ya danganta da damtsen mai juyawa. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsaya a kan hoto 24 a kowane sakan, don kada murya ta riƙa lanƙwasa. Talabijin kuma ta bi bugun wutar lantarkin ƙasar da aka ƙera ta: wutar Amurka tana bugawa sau 60 a sakan, ta Turai sau 50. Mu da muka gaji wayoyin Turawan mulkin mallaka, 50 muka gada. Da kala ta shigo sai rabuwar ta ƙaru. Amurka ta fito da tsarin NTSC a 1953, Jamus da Ingila suka fara watsa PAL a 1967, Faransa ta fara nata SECAM a shekarar. Najeriya ta ɗauki PAL, Benin da Nijar suka bi Faransa.

To ka dubi inda Malanville take. Gaya na tsallaken gada, Kamba da Illo na jihar Kebbi ba su da nisa, Kwatano kuma tana kudu da sama da kilomita 700 ta hanyar Kandi da Parakou, kuma a tasharta ake sauke kayan Turai da aka yi amfani da su. A babbar kasuwar garin, mutum zai iya sayen talabijin da ta fito daga Faransa, na'urar gem da ta fito daga Amurka, da faifan da aka shigo da shi daga Najeriya, ya kai su gida su ƙi jituwa. Na'urar PAL a kan talabijin mai SECAM zalla tana ba da hoto baƙi da fari. Na'urar Amurka ko ta Japan a kan tsohuwar talabijin ta Turai, ban da rashin kala, hoton yakan riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa. Wannan kowa yana gani, kuma talabijin mai karɓar kowane tsari ta zo ta raba gardama.

Akwai wanda ba a gani, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Yawancin wasannin wancan lokaci a Japan da Amurka aka tsara su, a kan bugu 60. Idan za a sayar a Turai, kamfanoni da yawa ba sa wahalar gyarawa, sai su bar wasan ya bi 50. Sakamakon haka komai yana raguwa da kashi ɗaya bisa shida, har da kiɗan. Sonic na 1991 a kan Mega Drive shi ne misalin da aka fi sani. PlayStation ta farko, wadda ta fita a Japan a Disamban 1994 ta isa Turai a 1995, ita ma ta gaji wannan. Na sha jin yaron da ya saba da gidan da ke da na'urar Japan ya zo wani gida yana cewa fad ɗinsu yana da nauyi. Mai gida ya sake masa fad, ya sake wani, nauyin yana nan. Ba a hannunsa nauyin yake ba, shawarar da aka yanke a kan wutar lantarki tun kafin a haifi kakansa ce take jan ƙafar ɗan wasansa.

A nan ne aka ɗora wa janareta laifin da ba nasa ba. An yi ta cewa idan inji ya yi sanyi gem ma sanyi yake yi. Na'urar gem ba daga soket take ƙirga lokacinta ba, tana da ɗan agogonta a ciki. Abin da raunin wuta yake yi shi ne ya tsuke hoton tsohuwar talabijin, ko ya kashe na'urar ana tsakiyar wasa, a tashi rigimar wa ke kan gaba.

Zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, shi ne zamanin da gidajen gem suka cika garin, kuma ƙwallon kamfanin Konami ce sarauniya, Winning Eleven da ɗan'uwanta Pro Evolution Soccer, musamman na shida da ya fito a 2006. A lokacin ciwon ya koma ido, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai. Faifan kwafi ne, hannu goma ya taɓa shi a yini, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Alamarsa daban ce da ta baya: muryar mai sharhi ta riƙa yankewa, ko a GTA San Andreas na 2004 ka tuƙa mota da gudu ka riga titi zuwa, domin wasan yana ɗebo garin ne daga faifai a hankali yayin da kake tafiya. Auduga da ɗan sifirit su ne maganin farko. Tun zamanin PlayStation ta farko ma akwai masu kifa na'urar ta koma ciki sama, kuma abin dariya yana aiki, saboda layin da idon ke bi ya cinye ta gefe guda. Daga baya aka koma zuba wasanni a filasha, aka huta da faifai, sai dai ƙofar USB ta wannan na'ura tsohon yayi ce mai jinkiri, shi ya sa bidiyon buɗe wasa yake in'ina ko da filashar sabuwa ce fil.

Kwamfuta ta shigo da nata. A Nuwamban 2007 kamfanin Crytek na Jamus, wanda 'yan'uwa uku 'yan asalin Turkiyya suka kafa, ya fitar da Crysis, wasan da ko manyan kwamfutocin Turai na lokacin suka durƙusa masa. Mu kuwa abin da ke iso mana 'yan Kwatano ne, kwamfutocin cinya da suka gama aikin ofis a wata ƙasa, galibinsu ba su da katin hoto na daban. An ƙera su don ɗaki mai sanyi, aka kawo su garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ga yadda ake gane wannan: wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko sha biyar ya soma ja, fanka tana ihu. Wanda ya ga haka ya ce ƙwayar cuta ce ya goge kwamfutar gaba ɗaya, ya ɓata yininsa a banza. A buɗe ta, a cire ƙurar da ta toshe hancinta kamar auduga, a sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, a ɗaga ta daga kan katifa. Haka kuma idan an ɗauke wuta ta koma kan batir, da gangan take rage ƙarfi, nan take hoto ya faɗi.

Duniya ma ta daɗe tana auna abin a karkace. Shekara da shekaru ana alfahari da yawan hotuna a sakan, har a 2011 Scott Wasson na mujallar The Tech Report ya nuna cewa a duba tazarar da ke tsakanin hoto da hoto. Idan wasa yana ba da 60, kowane hoto yana da milisakan 16.7, wato kashi 16.7 cikin dubu na sakan. A 30 kuma 33.3 ne. Amma hoto ɗaya tak da ya ɗauki milisakan 100 ido zai kama shi, alhali lissafin sakan ɗin bai ragu sosai ba. A ganina wannan ne ilimin da ya fi amfanar mai ƙaramar na'ura: ka ɗaure wasan a 30 ya tafi daidai kamar raƙumi, ya fi ka sake shi yana tsalle tsakanin 55 da 20. Kuma kada a ɗauka ciwon talaka ne kaɗai. Elden Ring da ya fito a 2022 ya yi in'ina a kan kwamfutoci masu tsadar gaske, saboda yana tsayawa shirya wa katin hoto umarnin zane a karon farko da wani sabon abu ya bayyana.

Yanzu gidan gem ya koma aljihu. Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, kuma samarin da nake gani a gindin bishiya suna fama da ciwo biyu da suke kira da suna ɗaya. Na farko tsohon abokinmu ne, zafi: waya tana cikin riga, tana kan caji, rana tana dukanta, sai ta rage gudu. Idan shi ne, duk allon ke ja, har juyawar kanka. Na biyu na hanya ne. Kai kana motsi sumul, amma abokin gaba ya ɓace a nan ya ɓullo can, ko ka shige bayan bango sannan harsashi ya same ka. Wannan ko ka sa wayar a randa ba za ta warke ba. Saƙonka sai ya gangara Kwatano, inda wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta sauka tun 2002, ya je babbar kwamfutar wasan, wadda sau da yawa a Turai take, sannan ya dawo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, kuma a kwanakin na ga masu goge wasa suna sake saukewa, suna zargin wayoyinsu.

Sai kuma wanda garin kan iyaka kaɗai ya sani. Sigina ba ta tsayawa a kwastan. A bakin kogi waya takan hango eriyar tsallake ta yi ƙoƙarin kama ta, ta saki ta gida, kuma a wannan ɗan tsakanin wasa yake yankewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar, manyan motoci suka yi layi mai tsawo a Malanville, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, amma eriyoyin Gaya suna nan suna leƙo mu. Masu gyaran waya a kasuwa sun daɗe da gano dabarar: su shiga saitin layi, su kashe zaɓin da waya ke yi da kanta, su ɗaure ta a kan layin gida, sannan su miƙa wa yaro wayarsa ya koma fagen daga.