Filodendiron: Fulawar Ɗaki Mai Hawa Da Yadda Ake Kula Da Ita

Duk wanda ke zaune a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya taɓa ganin wannan shuka a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, ko a cikin otal da ofisoshi. Ganyenta kore ne shar, mai siffar zuciya, kuma tana yaɗo kamar wake. Sunanta filodendiron, daga harshen Girka, ma'anarsa mai son bishiya. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, irin su Meziko da Barazil, inda take nannaɗe manyan itatuwa tana hawa a cikin inuwa. Danginsu ɗaya da gwaza.

Wannan asali nata shi ke nuna abin da take so. Iskar Kudu mai laima ta dace da ita, shi ya sa ba ta ba da wahala a nan. Tana son haske amma ba ta son rana ta doke ta kai tsaye, ganyen ƙonewa yake yi. Kusa da taga ko baranda mai rufi ya wadatar. Idan ka ga reshen yana ta tsawo, ganyen ƙanana kuma nesa da juna, to duhu ya yi mata yawa.

Ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba. Ta farko da na saya haka na hallaka ta. Kullum da safe sai na kwara mata kofi guda, ga shi damina ce, robar kuma ba ta da huji a ƙasa. Ganye ya fara yin ɗorawa, da na tumɓuke sai na tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Yanzu sai na tura yatsa cikin ƙasar, in na ji saman ya bushe kamar tsawon gaɓa ɗaya sannan in ba ta ruwa sosai, har ya fita ta ƙasa. A damina takan yi mako ko fiye ba ta nema ba. Tukunya dole ta kasance da huji.

Ƙasar ma kada ta zama mai danƙo. Ina haɗa baƙar ƙasa da yashi da ɗan dakakken gawayi. Mu da muka tashi a kara ba ma rasa kashin shanu, amma fa sai wanda ya bushe ya ruɓe ya koma kamar ƙasa. Ɗanye yana ƙona saiwa, ga tara ƙuda. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

A kowace gaɓa za ka ga wasu 'yan saiwoyi suna leƙowa. Da su take kama abin hawa. Ka samu sanda, ka naɗe ta da zaren ɓawon kwakwa, ka kafa a tukunyar, ka ɗaure reshen da tsumma ba da ƙarfi ba. Wadda ta samu abin hawa ganyenta ya fi na wadda aka bari tana lilo girma.

Yaɗa ta ba wuya. Yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku, cire ganyen ƙasa, ka tsoma gaɓar a kwalbar ruwa. Cikin 'yan makonni saiwa za ta fito. Sai dai a riƙa canja ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, don kar ka kiwata sauro a ɗakinka. Lokacin hunturu a goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. In an ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a gaɓa, ruwan sabulu kaɗan yana maganinsu.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne tana da dafi. Irin sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi yana cikin ganye da ruwanta. Yaro in ya tauna, bakinsa zai yi zafi, leɓe da harshe su kumbura. Haka kyanwa da akuya. A gidan haya mai yara da yawa, a ɗora ta sama inda hannu ba ya kai wa. In tsautsayi ya faru, a kurkure wa yaron baki da ruwa, idan kumburin ya taɓa numfashi ko haɗiya a garzaya asibiti nan take.